Nick Daicos da Farkon Rayuwar Matashin Ɗan Ƙwallon Ostireliya: Tambayoyi da Amsoshi

A Ostireliya, musamman a birnin Melbourne, in aka ce ƙwallo ba wadda Messi yake bugawa ake nufi ba. Suna da tasu ta gida, wadda ake kira Australian rules football, kuma cikin matasan da suka taso a cikinta a shekarun nan babu wanda aka fi tattauna shi kamar Nick Daicos na ƙungiyar Collingwood. Ga amsoshin tambayoyin da mai son sanin yadda yaron ya fara zai iya yi.

Wai wane irin wasa ne wannan? Ba rugby ba ce?

Ba ita ba ce, ko da yake ƙwallon tasu ita ma mai siffar ƙwai ce. Ana buga wasan a fili mai faɗin gaske wanda ba shi da kusurwa, irin wanda ake buga kurket a kai, kowane ɓangare da 'yan wasa 18 a ciki. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu a tsaye, babu raga, babu mai tsaron gida. In ka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya ba tare da wani ya taɓa ta ba, maki 6 ke nan. In ta bi ta gefe, tsakanin doguwa da gajeruwa, ko ta daki doguwar sanda, maki 1. Shi ya sa za ka ga sakamako kamar 90 da 86.

Ana riƙe ƙwallo a hannu a gudu da ita, amma sai an buga ta a ƙasa kowace mita 15. Ba a jefa ta. Ko dai a buga da ƙafa, ko a ɗora ta a tafin hannu ɗaya a naushe ta da ɗayan. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 ko fiye, kafin ta taɓa ƙasa, ya sami damar tsayawa ya yi bugunsa babu mai taɓa shi. Wanda kuwa yake riƙe da ita cikin wasa, halal ne a rungume shi a kayar. Babu maganar satar gida. Ana yin zango huɗu, kowanne minti 20 ban da lokacin da aka tsayar da agogo. Babbar gasar ita ce AFL, mai ƙungiyoyi 18, kuma ta Tasmaniya za ta shigo a 2028.

Wane ne Nick Daicos?

An haife shi ranar 3 ga Janairu, 2003. Mahaifinsa Peter Daicos ya buga wa Collingwood wasa 250, ya ci ƙwallo 549, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauko mata kofin 1990 bayan shekara 32 ba ta ɗauka ba. Iyayen Peter 'yan ci-rani ne 'yan asalin Masedoniya, kuma an san shi da cin ƙwallo daga lungun da kowa ya ɗauka ba za ta shiga ba. Wan Nick, wato Josh, ya riga shi shiga Collingwood tun 2016. Nick ya yi karatu a makarantar Carey Grammar, ya buga wa Oakleigh Chargers a gasar 'yan ƙasa da shekara 18 ta jihar Victoria. Lambar da ke bayan rigarsa, 35, ita ce wadda mahaifinsa ya sa.

Yaya yaro yake shiga babbar ƙungiya a can? Sayensa ake yi?

A nan ne tsarinsu ya rabu da wanda muka saba gani a gasar Ingila ko Sifen. Babu kuɗin sayen ɗan wasa. Ƙungiya mai kuɗi ba za ta je ta ɗauke yaro ɗan shekara 12 ta rene shi don kanta kawai saboda ta fi wasu aljihu ba. Abin da ake yi shi ne, a watan Nuwamba na kowace shekara ana zaman rabon sabbin 'yan wasa. Duk yaron da ya kai shekara 18 a wannan shekarar yana iya sa sunansa. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a teburi ita ce ke fara zaɓa, sai wadda ke samanta, a haka har a kai kan zakara. Manufar ita ce a ɗaga na ƙasa, kada gasar ta zama ta ƙungiya biyu ko uku.

Ma'anar wannan ga yaro ita ce, gwargwadon iyawarsa gwargwadon munin ƙungiyar da zai faɗa. Kuma ba shi da ta cewa. Yaron da ya tashi a Perth yana iya kwana ya tashi ya ji an kira sunansa a Brisbane, tafiyar awa huɗu da wani abu a jirgin sama daga gidan uwarsa, sai ya haɗa kayansa cikin 'yan kwanaki. Kafin ranar rabon, ƙungiyoyi suna auna gudun yaran da tsallensu da juriyarsu, likitoci su duba gwiwa da kafaɗa, a zaunar da su a yi musu tambayoyi, wani lokaci har gida ake zuwa a gana da iyaye.

'Yan ajin Nick sun gamu da wata matsala ta daban. Annobar korona ta sa an soke gasar matasa ta Victoria gaba ɗaya a 2020, ta 2021 kuma aka yi ta tsinkewa. Wasa 5 kacal ya samu ya buga wa Oakleigh a 2021, amma a cikinsu yana raba ƙwallo, wato ya buga ta da ƙafa ko ya naushe ta, sama da sau 35 a wasa in aka ɗauki matsakaici, adadin da ko a tsakanin yara ba a saba gani ba.

To, in ba a zaɓar ƙungiya, yaya aka yi ya faɗa ta mahaifinsa?

Akwai wata tsohuwar doka ta uba da ɗa. In mahaifin yaro ya buga wa ƙungiya wasa 100 ko fiye, ƙungiyar tana da haƙƙin farko a kan ɗan, muddin shi ɗan ya yarda. Ba kyauta ba ne dai. Tun 2015 an ba kowane gurbin zaɓe maki: na ɗaya 3,000, sauran suna raguwa a hankali. In wata ƙungiya ta kira sunan yaron, ƙungiyar uban tana da damar cewa namu ne, sai ta biya makin wannan gurbin da guraben da take da su a baya. A lokacin Nick ana yi mata rangwamen kashi 20 cikin 100.

Haka aka yi a daren rabon 2021. North Melbourne ta ɗauki Jason Horne-Francis a gurbi na 1. A na 2 aka kira Sam Darcy, shi ma ɗan gado, Western Bulldogs ta karɓe abinta. GWS, ƙungiyar yammacin Sydney, ta ɗauki Finn Callaghan a na 3. A na 4 Gold Coast ta kira sunan Daicos, Collingwood ta tattara ƙananan gurabenta ta biya. Ba wanda ya yi mamaki, don tun shekara guda kafin nan Collingwood ta riga ta musanya gurbinta na zagayen farko na 2021, da sanin cewa yaron nata ne ko ta halin ƙaƙa. Masana da yawa suna ganin da babu dokar, da shi ko Horne-Francis ne zai fara fita.

Wannan ba son kai ba ne?

Son kai ne mana, kuma su ma sun sani. Ƙungiyoyi irin su Gold Coast da GWS, da suka shigo gasar a 2011 da 2012, ba su da tsofaffin 'yan wasan da 'ya'yansu suka isa, don haka dokar ba ta amfane su da komai ba tukuna. Tsofaffin ƙungiyoyin Melbourne su ne ke cin moriyarta. Ƙorafi ya yi yawa har aka sake lissafin makin, aka rage rangwamen zuwa kashi 10 a 2025. Amma ba a soke dokar ba, kuma da wuya a soke, domin magoya baya a can gadon ƙungiya suke yi daga kakanni, kuma dattijon da ya kalli Peter yana saurayi ba zai yarda ya ga ɗansa cikin rigar Carlton, tsohuwar abokiyar hamayyar Collingwood, ba.

A ganina, babban abin da dokar ta yi wa Nick shi ne ta tsare shi daga abin da ya sami Horne-Francis. Shi wancan ya bar garinsu Adelaide ya je ƙungiyar da ta ci wasa 2 kacal a 2022, aka kori kocinta a tsakiyar kaka, aka ɗora wa yaro ɗan shekara 18 nauyin ceto ta. Shekara guda ya yi ya nemi a mayar da shi gida, aka musanya shi zuwa Port Adelaide, ya sha ihun 'yan kallo a filaye na tsawon lokaci. Nick kuwa yana kwana a gidansu, wansa yana ɗakin sa kaya tare da shi, ga Scott Pendlebury da Steele Sidebottom, dattawan fili, a gefensa. Wanda zai auna farkon waɗannan yara biyu ba tare da ya sa wannan a ma'auni ba, bai yi adalci ba. Sai dai kuma 'ya'yan manyan 'yan wasa nawa aka ɗauka ta wannan hanya suka yi shekara biyu ko uku aka sallame su ba tare da kowa ya tuna da su ba? Sunan uba bai taɓa raba wa kowa ƙwallo ba.

Yaya kakarsa ta farko ta kasance?

Collingwood ta ƙare ta 17 a 2021, koci Nathan Buckley ya sauka, aka kawo Craig McRae. Ba a sa rai da komai. McRae ya sa Nick a wasan farko na 2022, da St Kilda, ya raba ƙwallo sau 27. Daga nan bai fita daga cikin 'yan wasa ba har ƙarshen kaka, wasa 25 cif.

Dabarar da kocin ya yi ita ce bai jefa shi tsakiyar fili ba, inda ƙarti masu shekara 28 suke gwabza ƙirji. Ya ajiye shi a layin baya, inda ɗan wasa yake ganin fili duka a gabansa, yake karɓar ƙwallo da ɗan sarari, ya fara gina hari. Collingwood ta wannan shekarar ta ci wasa 11 a jere, yawancinsu da tazarar da ba ta kai ƙwallo biyu ba, ta ƙare ta 4, sannan Sydney ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe da maki 1, 95 da 94. Nick ya lashe kyautar Rising Star, wadda ake ba wa gwarzon sababbi 'yan ƙasa da shekara 21, kuma dukkan alƙalan zaɓen shi suka sa a gaba.

Me ya iya ne da ya bambanta shi da sa'o'insa?

Ba dogo ba ne a ma'aunin wasan, ba kuma ƙaƙƙarfa ba. In ka zuba masa ido shi kaɗai na minti biyar, ka bar bin ƙwallo, ga abin da za ka gani. Yana naushin ƙwallo ga abokinsa, maimakon ya tsaya ya kalli abin da zai faru sai ya ci gaba da gudu ta bayan wanda ya ba wa, ya sake karɓa, ya sake bayarwa, ya sake gudu. A hari ɗaya yana iya taɓa ta sau uku. Kafin ta iso hannunsa ya riga ya waiga ya san inda kowa yake. Ƙwallon nan mai siffar ƙwai in ta faɗi ƙasa ba a san inda za ta nufa ba, amma shi yana ɗaukar ta a guje ba tare da ya rage gudu ba, kuma yana buga ta da dama ko hagu ta sauka a ƙirjin mutum daga mita 40. Yawancin yara masu shekara 19 in an matsa musu sai su daka ta sama kawai su rabu da ita. Shi sai ya nemi ɗan ƙaramin bugu zuwa tsakiyar fili, wanda in ya kuskure an ci su, in ya dace kuma an buɗe abokan hamayya.

Wannan ne gadon gaske da ya samu: shekara goma sha biyar yana wasa da ƙwallon a tsakar gida da uba da wa waɗanda duka gwanaye ne.

Abokan hamayya ba su gano lagonsa ba?

Sun gwada. A wannan wasa akwai al'adar ware mutum ɗaya a ce masa ka manta da ƙwallo, aikinka yau shi ne wane. Zai bi shi ko'ina, ya tare masa hanya, ya dafa shi, ya ture shi, ya hana shi sakat. A kaka ta biyu, da aka fara matsar da Nick tsakiya, ya fara da wuta: a wasan ranar Anzac, ranar tunawa da sojojin ƙasar, 25 ga Afrilu, 2023, gaban mutum 95,179 a MCG, babban filin Melbourne, ya raba ƙwallo sau 40, ya ci biyu a kan Essendon, aka ba shi lambar gwarzon ranar. Daga nan masu bin sa suka ƙaru. Wanda ya fi cin nasara shi ne Finn Maginness na Hawthorn a zagaye na 21, wanda ya riƙe shi a taɓawa 5 kawai. A wannan wasan ne kuma ya yi karo da wani ɗan bayan Hawthorn, ƙashin gwiwarsa ya tsage, ya yi kusan mako shida a waje.

Masu sukarsa a lokacin suna cewa ƙwallo mai sauƙi yake samu, wasu ne ke shiga turmutsutsu su fito masa da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar a 2022. Daga 2024, da ya koma tsakiya gaba ɗaya yana ƙwato ƙwallo da kansa a wurin da alƙalin wasa yake jefa ta, maganar ta rage ƙarfi sosai.

Ya ɗauki kofi?

Ya ɗauka, yana ɗan shekara 20. Ya dawo daga raunin a wasan kusa da na ƙarshe, wanda Collingwood ta ci GWS da maki 1. Ranar 30 ga Satumba, 2023, gaban mutum 100,024 a MCG, suka kara da Brisbane Lions. Shi ya ci ƙwallon farko ta wasan, ya raba ƙwallo sau 29. A zango na ƙarshe, Brisbane ta shiga gaba saura 'yan mintuna, aka dawo tsakiya aka jefa ƙwallo, ta biyo ta hannun Nick, ya naushe ta ga Jordan De Goey tun ƙafarsa ba ta gama sauka ƙasa ba, shi kuma ya zura ta daga nesa. An tashi 90 da 86. Kofi na 16 ke nan ga Collingwood, ta kamo Carlton da Essendon. Lambar gwarzon wasan Bobby Hill ne ya samu, ba Nick ba. Shi da Josh duka an sa su cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan ƙasa na shekarar, kuma Josh ne ya lashe kyautar gwarzon ƙungiya.

Me ya sa ake yawan haɗa sunansa da kyautar Brownlow?

Don ita ce babbar kyautar mutum ɗaya a gasar, kuma ya yi ta zagaye ta. Alƙalan wasa ne ke ba da ƙuri'a bayan kowane wasa: 3 ga wanda ya fi kowa, 2, sannan 1, a rufe a ambulan har ƙarshen kaka. A 2023 yana kan gaba kafin gwiwar ta tsage, ya ƙare na uku da 28, bayan Lachie Neale mai 31 da Marcus Bontempelli mai 29. A 2024 ya sami 38, adadin da ya wuce duk wanda aka taɓa cin kyautar da shi a tsarin 3-2-1, amma a daren Patrick Cripps na Carlton ya sami 45. A 2025 ya sake zuwa na biyu, bayan Matt Rowell na Gold Coast, wato ƙungiyar da ta kira sunansa a daren rabo.

Nawa irin wannan yaro yake samu?

Ba kamar na Firimiya ba. Albashin sabon ɗan wasa ba ciniki ake yi ba, yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa da hukumar gasa ce ta ƙayyade shi gwargwadon gurbin da aka ɗauke shi, sai ƙarin kuɗi a kan kowane wasan da ya buga. A zamanin Nick kwantiragin farko shekara 2 ne, daga baya aka mayar da shi 3 ga waɗanda aka fara ɗauka. Kowace ƙungiya kuma tana da iyakar abin da za ta kashe a albashi, ba ta da ikon wucewa. Matsakaicin albashi a gasar ya ɗan haura dalar Ostireliya 400,000 a shekara a 2022, manyan taurari kuma suna wuce miliyan ɗaya. A 2023 Nick ya tsawaita zamansa a Collingwood har 2029.

Mene ne babban haɗarin da ke gaban matashi a wannan wasa?

Bugun kai. Ba a sa hular kariya ta dole, ana karo a guje daga kowace fuska, ɗan tsakiya kuma yana gudun kilomita 12 zuwa 15 a wasa. Doka yanzu ta ce wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza sai ya huta aƙalla kwana 12. Misalin yana cikin ɗakin su Nick: Nathan Murphy, wanda suka ɗauki kofin 2023 tare, an fitar da shi daga wannan wasan na ƙarshe saboda bugun kai, kuma a 2024 likitoci suka ba shi shawarar ya ajiye wasa yana ɗan shekara 24. Ban da wannan akwai tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda ke cinye shekara guda. Sannan akwai sallama: kowace ƙungiya dole ta buɗe gurabe duk shekara don sababbi, kuma yawancin waɗanda ake ɗauka ba sa kaiwa wasa 100.

Akwai 'yan asalin Afirka a gasar?

Akwai, kuma suna ƙaruwa, yawanci 'ya'yan iyalan Sudan ta Kudu da suka yi gudun hijira. Majak Daw, haifaffen Khartoum, shi ya buɗe wa 'yan asalin Sudan hanya da North Melbourne a 2013. Aliir Aliir, wanda aka haifa a sansanin Kakuma na Kenya, ya shiga cikin zaɓaɓɓun ƙasa a 2021 da Port Adelaide. Mac Andrew, haifaffen Masar, shi Gold Coast ta ɗauka a gurbi na 5 a daren da ta rasa Daicos. Joel Wilkinson, mai tushe a Najeriya, ya buga wa Gold Coast daga 2011 zuwa 2013, daga baya ya fito fili ya yi ƙorafin wariyar launin fata da ya ce ya fuskanta. Waɗannan ba su da uban da ya buga wasa 100, da yawansu ma sai da suka girma suka fara riƙe ƙwallon. Akwai kuma hanyar da aka buɗe wa waɗanda suka fito daga wani wasan daban: ta nan Mason Cox, Ba'amurke daga Texas da ya yi ƙwallon kwando a jami'a, ya shigo Collingwood har ya ɗauki kofi tare da Nick.

In ina so in kalla daga nan fa?

Kaka tana farawa a Maris ta ƙare a ƙarshen Satumba. A yawancin wannan lokaci Melbourne tana gaban Najeriya da Nijar da awa 9, don haka wasan daren Juma'a nasu yana kamawa da hantsin Juma'a a nan, wasan ƙarshe kuma da ake farawa ƙarfe 2:30 na rana yana faɗawa 5:30 na asuba. Akwai manhajar Watch AFL ta kuɗi ga masu kallo daga ƙetare, sannan hukumar gasar tana sa taƙaitattun wasanni kyauta a YouTube. Collingwood ita ce mai riga baƙi da fari tsaye-tsaye, sai ka nemi lamba 35.